Wane Akawal Ɗin?

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa kallon sukuwa ba, kuma ko da zan yi ƙoƙarin mantawa, kunnuwana ba za su yarda ba, domin har yau idan na tuna sai in ji sun ɗauki zafi.

A lokacin ina karatun aikin gona a Shabu, shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun ɗalibai. Ni mutum ne mai shiru. Daga aji sai laburare, daga laburare sai ɗakina a Akurba. Idan aka ba mu aikin gida na shafi biyu, sai in kai shida, har da zane. A cikin wannan shirun nawa zuciyata ta ɗauko mini aiki: wata 'yar ajinmu, Rakiya, 'yar Kwandere. Na daɗe ina ara mata littattafai kafin in iya gaya mata abin da ke raina (ita ta ce ta gane tun daga littafi na biyu, jira kawai take yi in gama kewaye-kewaye).

Sai dai gidansu da ƙa'ida. Ba mai zuwa zance sai mahaifinta, Baba Ari, ya gan shi ya yarda. Baba Ari babban manomin doya ne, amma idan ana son a ga haƙoransa, to a yi masa maganar doki. Yana da guda ɗaya da yake saka wa a sukuwa, yana ji da shi kamar ɗan fari.

Rakiya ta ce mini, "Bayan an gama girbi akwai sukuwa a filin bayan gari. Yaya Isa zai kai ka wurin Baba. Ka gaishe shi kawai, ka zauna. Kada ka ce komai."

Wannan shawara ce mai kyau, kuma ta dace da halina ƙwarai. Ban san abin da ya hana ni bin ta ba.

Abin da na gaya wa kaina shi ne, ba zan je gaban surukin gobe in zauna kamar buhun gero ba. Tunda jarrabawa ce, zan yi karatu. Matsalar ita ce littattafan laburare sun san hanjin doki da haƙoransa, amma ba su san dawakin da ke gudu a ƙasarmu ba. Ni kuwa ɗan malamin makaranta ne, na tashi a gidajen malamai, mahaifiyata Alago ce, Hausata ta kasuwa ce da ta filin ƙwallo. A wurina doki doki ne, sai dai wani ya fi wani girma.

Na yi sa'a, a layinmu akwai shagon aski inda masoya sukuwa ke taruwa bayan la'asar. Direbobi ne da 'yan kasuwa masu yawo gari-gari, kowa na dawowa da labarin tseren da ya gani. Na mai da wurin aji. Na yi aski a watan nan har mai shagon ya ce, "Oga ɗalibi, gashi ya ƙare fa, sai dai in fara aske fata." Daga nan na koma zama a ƙarshen benci da littafi a buɗe, ido a shafi, kunne a wurinsu.

"Wallahi a Keffi akawal ya ba su ƙura."

"Ai ba ka ga na Jos ba. Kili ne a gaba har kwanar ƙarshe, sai akawal ya fito ta waje."

"A Bida kuwa bidi ya ci, akawal na biyu."

Cikin 'yan kwanaki na gano abin da ya ba ni mamaki: ashe duk faɗin Arewa dawaki uku ne ke rabon nasara a tsakaninsu, Akawal da Kili da Bidi. Na ji daɗin sunan Akawal musamman. Na ɗauka mai shi tsohon akawu ne, ya raɗa masa sunan aikinsa.

Na shiga nazari irin nawa. Na ware kowane tsere da irin ƙasarsa, laka ce ko yashi ko tsandauri. Na ware gajeren zango da dogo. Na lura da nauyin mahayi, da hutun da doki ya samu kafin gudu. Kili yana da saurin tashi amma yakan sare a dogon zango. Bidi sai a yashi. Akawal kuwa babu ruwansa, kusan ko'ina aka ajiye shi ci yake yi.

Gaskiya akwai abubuwan da ba su zauna mini daidai ba. Wani ya ce Akawal matashi ne, wani ya ce ya tsufa. Wani ya ce mai shi Bafulatani ne, wani ya ce Banufe. Sau da yawa tambaya takan zo mini har bakin leɓe, in dubi mutanen nan masu manyan muryoyi, in haɗiye ta. Maimakon in tambaya, sai in koma ɗaki in samo wa kowane saɓani bayani (idan kana da ƙwaƙwalwa da kunya a lokaci guda, babu ƙaryar da ba za ka iya gina wa kanka ba, har da rufin kwano).

Ranar sukuwa na saka farar shaddata, Yaya Isa ya ɗauke ni a babur. Fili ya cika. Masu rake da masu lemo, 'yan acaɓa sun jera babura sun hau kai suna leƙe, Fulani da sandunansu a kafaɗa, masu kalangu na zagayawa. Can gefe ƙarƙashin wani mangwaro aka shimfiɗa tabarmi, dattawa masu dawaki na zaune. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaida su ɗaya bayan ɗaya.

Yaya Isa ya ce, "Baba, shi ne ɗan ajin su Rakiya da na gaya maka."

Baba Ari ya dube ni daga hula har yatsun ƙafa. Ya ce, "Madalla. Zauna, ɗan makaranta."

Na zauna a bakin tabarma. Komai na tafiya yadda Rakiya ta tsara, har wani dattijo mai jar hula, Baba Ɗanjuma, abokin wasan Baba Ari tun ƙuruciya, ya juyo gare ni.

"To malamin dabbobi, ku da kuke karanta su a takarda, wa kake gani zai ci babban tseren yau?"

Da na ce "Allah ne masani," da an wuce wurin. Amma wata guda ina dakon amsar nan.

Na ce, "Baba, a ganina Akawal ne."

Fuskar Baba Ari ta washe. Ya bugi gwiwar abokinsa. "Ka ji ko, Ɗanjuma? Na sha gaya maka boko ba ƙarya ba ne. Matso nan, ɗana. Faɗa musu dalili, su ji da kunnensu."

Ɗana. Kalmar ta shige ni kamar shayi mai zafi. Ban san cewa dokin Baba Ari baƙi ne ba, ban kuma san abin da hakan ke nufi ba. Na matsa tsakiyar tabarma, na gyara murya, ni da ko a aji ba a jin muryata.

"Da farko, Baba, filin yau tsandauri ne, kuma zangon dogo ne. Kili zai tashi da ƙarfi amma zai sare. Bidi ba ya son ƙasa mai tauri. Shi kuwa Akawal, idan aka duba abin da ya yi a Keffi da damina, cikin laka..."

Baba Ari ya ce, "Keffi?"

"Ƙwarai, Baba. Ya ba su ƙura."

Baba Ɗanjuma ya ce, "Ari, ashe kana fita da shi a ɓoye ba mu sani ba?"

Aka ɗan yi dariya. Na ɗauka irin wasansu ne, na ci gaba. Na kawo na Jos, na kawo na Bida. Na bayyana cewa babbar shaidar juriyarsa ita ce akwai ranar da ya ci a Keffi, kuma a wannan ranar ya ci a Jos, wanda ke nuna a mota aka ɗauke shi, ya sauka bai ko huta ba ya shiga fili. Na ga Yaya Isa yana yi mini wata alama da ido. Na ɗauka cewa yake in ƙara.

Dattawa sun daina taunar goro. Ban taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba, sai na ji wani ƙarfin gwiwa ya zo mini, na fito da abin da nake ganin shi ne ƙololuwar bincikena.

"Akwai masu yaɗa cewa wai ya mutu bara da ciwon ciki. Na bi diddigin maganar, Baba, ji-ta-ji-ta ce ta 'yan hassada. Domin bayan mutuwar da ake faɗa, ya sake cin tsere har sau biyu."

Wani tsoho da ke jingine da gindin mangwaron ya ɗago kai a hankali.

"Yaro, wanda ya mutu bara nawa ne. A gabana aka haƙa masa rami. In ya tashi, don Allah a gaya masa ya dawo gida, har yanzu turkensa na nan."

Baba Ɗanjuma ne ya fara faɗuwa. Ya kwanta a tabarma yana riƙe da ciki, hularsa ta gangara. Sauran suka bi. Baba Ari ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi sai ya dafa ni.

"Ɗana, wane akawal ɗin?"

Na ce, "Akawal dai, Baba."

Ya juya ni wajen da ake jera dawaki. Ya miƙa yatsa. "Ga akawal. Ga wani akawal. Wancan mai farin ƙyalle a wuya, shi ma akawal. Na ƙarshen can mai kallon masu rake, shi ne nawa, sunansa Sai Haƙuri, kuma bai taɓa wuce Akurba ba. Baƙin doki ake ce wa akawal. Kili fari ne. Har da bidi, duk launi ne, ɗana, ba suna ba."

Na tsaya ina kallon baƙaƙen dawakin nan. Wata guda na kwashe ina tattara nasarorin duk wani baƙin doki da ke Arewa, rayayye da matacce, na ɗora wa dabba ɗaya. Na duba ƙasa ko akwai ramin da zan shiga. Tsandauri ne, kamar yadda na faɗa a nazarina. A nan kaɗai na yi daidai.

Aka saki tsere. Ban ga tashinsu ba, kaina na ƙasa, sai ƙarar kofato da ihun mutane. Da ƙura ta lafa, wani bidi ne ya ci, wanda na rantse ba ya son ƙasa mai tauri.

Baba Ɗanjuma ya matso kusa da ni, ya yi fuskar ta'aziyya. "Malam, kada ka damu, dokinka ya yi ƙoƙari. Ya zo na biyu, ya zo na huɗu, ya zo na biyar." Ya sa hannu a goshi ya hango fili. "Kuma ga shi can bai iso ba tukuna."

Sai Haƙuri ne, yana tahowa a natse kamar mai dawowa daga gona. Baba Ari ya tashi yana tafa masa shi kaɗai, yana cewa ai lafiya ita ce gaba.

Ni dai na riga na gama lissafi. Na ce shi ke nan, Rakiya ta tafi, sai in koma in auri laburare. Na lallaɓa na ɗauki takalmana ina shirin sulalewa ta bayan masu lemo, sai na ji muryar Baba Ari.

"Isa, ina yaron nan? Kada ka bar shi ya hau acaɓa, kai shi da kanka. Kuma ka nuna masa hanyar gida, ran Juma'a ya zo ya gaida iyayenku mata."

Baba Ɗanjuma ya ce, "Ari, wanda bai san baƙi da fari ba za ka buɗe wa ƙofa?"

"Rufe mana baki. Yaron da bai san doki ba, ya yi wata yana wahala don ya sami abin da zai faɗa mini, ai kowa ya san ba doki yake so ba. Kai da ka san dawakin, me ka taɓa tsinana mini ban da cin gorona?"

A kan hanya Yaya Isa ya tsayar da babur sau biyu don dariya ta hana shi tuƙi. Washegari a aji Rakiya ta zauna kusa da ni. Sai da malami ya juya yana rubutu ta sunkuyo ta ce a hankali, "An ce ka ta da matacce." Labarin ya riga ni isa Shabu.

Ran Juma'a na je. Na kuma ci gaba da zuwa, har aka kai inda ake so a kai. Baba Ari da kansa ya koya mini launukan dawaki a bakin turke, yana nunawa ina maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya.

Abin da na koya bai da yawa. Tambayar da na ji kunyar yi a gaban masu aski, ita na biya da riba a gaban surukai. Yanzu duk wanda na ji ana yabonsa a majalisa, an ce ya yi nan ya yi can, ba ya gajiya ba ya mutuwa, nakan bari a gama, sannan in ɗaga hannu cikin ladabi in tambaya: shi ɗaya ne, ko dai su da yawa ne suka yi kama?