Bindigar da Ke Kallon Baya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tashi gyara wa Turawa motar yaƙinsu ba, ni da ko jiniyar soja na ji sai gabana ya faɗi.

Injiniya ne ni a wani kamfanin gas a Doha, kuma ina da tsohuwar cuta: ba na karanta takardar bayani. Sabuwar cutar kuwa a nan na kwaso ta, wato haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba, waɗanda ake saya gutsi-gutsi a kwali, a manna da gam, a shafa musu fenti. Masu irin wannan sha'awa suna haɗuwa a wani ɗakin taro a unguwar Al-Sadd, kuma shekara biyu ina zuwa ɗan kallo. Da aka sa ranar baje koli, na ce bana sai sun san da zamana.

Na zaɓi wata motar Birtaniya ta Yaƙin Duniya na Biyu, irin wadda aka ƙera don farautar tankoki. Gangar jikin tsohuwar tanka aka ɗauka, aka ɗora mata ƙatuwar bindiga, don ta laɓe ta jira abokan gaba. Ina fara haɗawa sai na ga abin mamaki: direba yana kallon gabas, bindiga tana kallon yamma.

Na yi dariya har da buga tebur (teburin cin abincinmu ne, na ƙwace shi tun farkon wata). Na ce masu kwalin nan sun tafka shirme. Matata Zainab ta tsinto takardar da na jefar ta miƙo min.

"Baban Amira, ko dai ka ɗan duba?"

Na ce mata injiniya ba ya neman izinin takarda. Na sa wuƙa na yanke bindigar, na juya ta gaba yadda ya dace da jarumi. Sai motar ta riƙa kifewa ta hanci, don tsawon bindigar ya rinjaye ta. Wannan ma bai ankarar da ni ba. Na samo noti na ƙarfe mai nauyi na manna a ƙarƙashin bayanta, ta miƙe.

Ranar baje koli na gayyato abokaina 'yan gida har shida, don su ga yadda ake fita kunya. Zainab ma ta rako ni. Na ma rubuta ɗan kati na jingina: an gyara kuskuren masu kwali.

Alƙalin baje kolin wani tsohon Bature ne mai sanyin magana. Ya karanta katin, ya tambaye ni wane kuskure ne. Ni kuwa abin nema ya samu. Na gyara tsayuwa na zuba masa lacca, har da cewa babu soja mai hankali da zai juya wa abokin gaba ƙeya.

Sai da na gama tsaf, sannan ya buɗe wayarsa ya nuna min hoton motar ta ainihi. Bindiga baya take kallo. Ya ce ta yi wa gangar jikin tsawo ne, shi ya sa aka kwantar da ita bisa injin. Sojoji kuma suka ga ribar hakan: a shiga maɓoya da baya, a yi harbi, direba ya taka ya tsere ba sai ya juya ba. Ya ƙara da cewa da an juya ta gaba, da nauyin ya yi mata yawa.

Maimakon in yi shiru, sai na ce ai ga tawa nan tsaye ƙyam, na ɗan bugi teburin da take kai don ƙarin hujja. Notin ya ɓalle, ya gangara har gaban takalmin Zainab. Motata ta sunkuya a hankali kamar mai gaida surukai.

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abokaina shida duk tari ya kama su lokaci ɗaya. Zainab ta ɗauki notin ta jefa a jaka.

"Khalas, ya isa haka, Injiniya. Yalla, mu je gida."

Sai da muka shiga mota ta ƙarasa ni. Ta ce waccan motar ta fi ni dabara, don ita kafin ta yi harbi ta tanadi hanyar gudu.

Har gobe abokaina Injiniya Noti suke kirana, kuma ina amsawa. Yanzu takardar bayani har bayanta nake dubawa. Teburin cin abinci ya koma hannun Zainab, notin yana kai kusa da gwangwanin sukari. Duk sanda na buɗe baki na ce "ai na sani", Zainab turo min shi kawai take yi.