Bayan Kurciya da Ƙafar Tsoho

"…da kwanan jiki, Tsoho?"

"Da sauƙi, Rumbu. Shigo a karkace, kada ka tafi mini da ƙyauren ɗaki."

Rumbu ya shiga a karkacen, ya durƙusa a bakin gado. Kakan nan nasa ne ya laƙaba masa wannan suna tun yana goye, sunan kuma ya bi shi har ya girma ya buɗe injin niƙa, ko masu kawo niƙa ba su san shi da wani ba. Ya yi 'yar dariya kamar kullum, amma idonsa na kan ƙafar tsohon ta dama, wadda aka ɗora bisa matashi aka lulluɓe da tsohon zane. Kwana shida ke nan da ƙusa ta soke shi a barga. Shekaranjiya kumburin bai wuce idon sawu ba. Yau da Rumbu ya ɗaga zanen, ja ya haura ƙwauri kusan taƙi guda, fatar na sheƙi, ga zafi kamar bakin murhu.

Tun da sassafe ya tura wa malamar asibiti hoton ƙafar ta waya. Farkon abin da ta ce shi ne: a kawo shi yau, ba gobe ba. Sai dai ruwan da aka kwana uku ana tafkawa ya cinye kwalbatin babbar hanya, mota ba ta shigowa, babur ba ya fita. Abin da ya rage sai hanyar kan tudu, tafiyar awa biyu ga mai lafiya. Maƙwabta huɗu sun zo sun ce za su ɗauke shi a kan gado, Tsoho ya ce su koma, bai mutu ba tukuna da za a saɓa shi a kafaɗa. Rumbu ya san ba nan gizo ke saƙar ba. Bara abokin Tsoho, mai gyaran rediyo, ya tafi asibiti da irin wannan ƙafa, ya dawo da guda ɗaya. Tsoho bai taɓa faɗa da bakinsa ba, amma wanda ya saba zama yana sauraronsa ya san inda yake kauce wa hira.

"Ka zo duba ni ne, ko ka zo duba ko na bar maka matata?"

"Ai amarya ta gama magana. Ta ce ta gaji da miji mai ƙafa kamar turmi."

"Gara ƙafa kamar turmi da mutum gaba ɗaya kamar turmi. Ta aure ka, tukunyarta ta shiga uku."

Kaka na bakin ƙofa da kwanon ruwan ɗumi a hannu. A wata rana da ta tanka musu, ta ce daga tsinke har rumbu babu wanda take so. Yau ko murmushi ba ta yi ba, ta ajiye kwanon ta fita. Wannan shirun ya fi kumburin tayar wa Rumbu hankali.

Ya sake kawo zancen asibiti a hankali. Tsoho ya ce ƙaya ta soke shi, kunama ta harbe shi, doki ya taka shi har sau uku, duk da ruwan gishiri ya warke. Ya juya fuska ga bango, alamar an rufe magana.

Sai ga haniniya daga bayan taga. Kurciya ce, goɗiyar Tsoho, fara mai ratsin toka, shekararta goma sha tara a gidan. Kwana shida ba ta ga mai ita ba. Rumbu ya lura da yadda tsohon ya ɗago kai da sauri, saurin da bai yi ba lokacin da ake masa zancen ƙafarsa. Nan dabara ta faɗo masa, gabansa kuma ya faɗi tare da ita, domin shi bai taɓa hawa doki ba, kuma tun ranar da Kurciya ta cije shi a kafaɗa yake kewaye turkenta daga nesa.

"Shi ke nan, tunda ba za ka je ba, ni zan je in karɓo maka magani. Ara mini Kurciya."

Tsoho ya juyo sannu a hankali. "Ka ce me?"

"Kurciya. Ba ka ga hanya ba? In na tafi a ƙafa sai yamma."

"Ka tafi a ƙafa, ko ka mirgina, duk ɗaya ne. Tudu ne, dawowa ba za ta yi maka wuya ba."

"Doki ai don hawa aka yi shi."

"Don hawan mutum ɗaya. Kai taro ne."

Rumbu ya miƙe, ya sauko da sirdi daga ƙusar bango, ya saɓa linzami a kafaɗa, ya fita tsakar gida. Bai gama kwance goɗiyar daga turke ba ya ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Mutumin da ya kwana shida bai taka ƙasa ba, ga shi ya dogaro har bakin ƙofa, ya zube a kan kujera yana haki, gumi ya jiƙa masa goshi. Kaka ta kawo bokiti ta kifa, ta ɗora masa ƙafar a kai.

"Zo nan, mai sikeli. Ka iya lissafi ko sai na gari?"

"Gwada ni."

"Da likitan dabbobi ya zo allura, ya zagaya ƙirjinta da igiyar awo, ya ce kilo ɗari uku da hamsin. Doki kuwa ba a ɗora masa abin da ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Raba."

"Saba'in."

"Sirdin da ke hannunka da bargonsa goma ne. Cire."

"Sittin."

"To, wannan ga mai ƙuruciya ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ita ta tsufa, ga tudu, ga laka. Kai nawa ne?"

Rumbu ya sosa ƙeya. "Tamanin da 'yan kai."

"Tamanin ɗin ƙafa ɗaya? An ba ni labari ranar da ka hau sikelinka, allurar ta zaga sau biyu ta dawo ta gaishe ka."

"Sikelin ne ya lalace."

"Na sani. Wa ya lalata shi?"

Gaskiyar magana ɗari da goma sha biyu ne, su biyun kuma sun sani. Rumbu ya ce ai giwa ma tana hawa mota. Tsoho ya ce to ya je ya nemo mota, goɗiyarsa ba ta da taya. Rumbu ya ce zai riƙe numfashi ya rage nauyi, Tsoho ya ce ko ransa ya riƙe, abincin da ya ci a gidan nan tun yana rarrafe ba zai fita ba.

"Ai ni da wani ne zai hau da na huta," in ji Rumbu, yana shimfiɗa bargo a bayan goɗiyar. "Amma wa ke nan? Kai kilo hamsin da huɗu ne har da hula. In ka hau, sai ta waiwaya ta ga ko ƙuda ne ya sauka."

"Ƙudan nan ya hau ta shekara goma sha shida, ko gyambo ɗaya babu a bayanta. Matsar da sirdin gaba, ka ɗora mata a kan ƙugu. Gaba, na ce. Majayin kuma haka ake ɗaurewa? Sa yatsu biyu a ƙarƙashi ka ji."

Tsoho bai iya ganin ɓarna ya yi shiru ba. Haka ya riƙa gyara wa jikansa ɗauri yana zaginsa, har sirdi ya zauna daidai. Sa'an nan ya jingina da bango, ya daɗe yana kallon Rumbu, ya yi wani ɗan murmushi da bai yi wa Rumbu daɗi ba.

"Yaro man kaza. Kana tsammani ban gane ba? So kake in ji tausayinta in ce ni zan hau. Tun ubanka na tsere wa wanka nake karanta irin wannan wayo. To ga ka ga ta. Hau."

Rumbu ya dubi Kaka, ta sunkuyar da kai. Ya dubi ƙafar da ke kan bokiti, a hasken rana jan ya fi yadda ya gani a ɗaki. In ya ja da baya yanzu, magana ta mutu, kuma gobe jan nan zai kai gwiwa. In kuma ya hau ya karya bayan tsohuwar goɗiya, ya yi biyu babu: Tsoho ba zai yafe masa ba, asibiti kuma ba zai je ba.

"Me kake jira? Ko a kawo maka tsani?"

"Ina karanta addu'a ne."

"Karanta mata, ita ke bukata."

Rumbu ya kama gezar Kurciya, ya matsa kusa da kunnenta ya ce mata ta yi haƙuri, a hankali yadda ba wanda zai ji. Ya ɗaga ƙafar hagu da ƙyar ya zura a likkafa. Goɗiyar ta kwantar da kunnuwa baya. Ya saurara ko zai ji an yi magana daga bakin ƙofa. Shiru, sai kaji da ke tono a gindin turke. Ya ɗan saki nauyinsa. Sirdi ya yi ƙara ya karkato, Kurciya ta kaɗa wutsiya da ƙarfi, ta taka gefe. Har yanzu shiru. Zufa ta gangaro masa cikin ido. Ya rufe idon, ya ɗaga ɗaya ƙafar daga ƙasa, ya ji bayan dabbar ya lotsa a ƙarƙashin hannunsa, ta yi wani nishi mai tsawo daga can cikin ciki, irin na tsohuwar da aka ɗora wa buhu.

"Sauke ƙafarka."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma kafin a rufe baki Rumbu ya dira. Ya riƙe wuyan goɗiyar yana shafawa, ya ma manta tana cizo.

"Da gaske da ka hau?"

"Ban sani ba, Tsoho. Wallahi ban sani ba."

Tsoho ya murza kan sandarsa. Da ya sake magana, muryar ba ta zolaya ba ce.

"In suka ce za su yanke fa?"

Rumbu ya zo ya durƙusa a gabansa. Ya gaya masa abin da malamar ta ce, ba ƙari ba ragi: in an zo yau, tana sa ran wanki ne da allurai, in an bari jibi, ba ta san abin da za ta ce ba. Ya ce mai gyaran rediyo sai da ya yi wata guda a ɗaki kafin a kai shi, shi kuwa kwana shida ne.

"Kuma ina tsaye a bakin gadon. Duk mai son ƙafarka sai ya ture ni tukuna."

Tsoho ya dube shi daga sama har ƙasa, daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Wannan kam sai sun ɗauko katafila. Kawo Kurciya nan. Amma ka sani, ba don ƙafata ba ne, don bayanta ne. Tsohon doki sai mai shi."

"Na ji. Duk wanda ya tambaya haka zan faɗa."

Rumbu ya ɗauke shi cak, ya ji bai kai buhun dusa ba, ya aza shi a kan sirdi. Kurciya ko motsi ba ta yi ba, sai ta miƙe kunnuwa gaba, ta juyo ta shinshina gwiwar mai ita. Ƙafar mai ciwo ba ta shiga likkafa, sai Kaka ta naɗe zane ta yi mata maratayi a jikin sirdi. Tana ɗaurewa ta ce a yi mata sauri a tafi da shi, ko ta samu gidan ya huta da baki. Jin ta tanka, Rumbu ya sauke ajiyar zuciya.

Ya kama ragama zai ja, sai ya ji an taɓa masa kafaɗa da sanda.

"Ungo. Na ba ka, ba aro ba. Yau kai ka fi ni bukatarta, awa biyu ce kuma hawa ne. Wankin nan sau nawa ta ce za a yi?"

"Ta ce zai iya kai goma."

"To, goma zuwa, goma dawowa, kana gaba ina bisa. In Allah ya sa muka gama, mu koma kan sikeli. Wataƙila a lokacin in bar ka ka ɗora mata hularka."

Rumbu ya karɓi sandar, ya buɗe ƙofar gida, suka kama hanyar tudu.