Yadda Za Ka Tsira da Aikinka Bayan Bijimin Surukinka Ya Tumɓuke Sandar Inji

Kai mai kula da injin wuta a rumfar awon gyaɗa ta Wudil, bi matakan nan. Isyaku na Lajawa ya gwada su, kuma babu wanda ya mutu.

1. San sandarka. Bayan ɗakin inji akwai sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ramin gishiri da gawayi, waya ta haɗa ta da inji. Ita ke kwashe wutar da ta kuɓuce ta kai ƙasa. In babu ita, wutar sai ta bi ta jikin mutum.

2. Kada ka hana suruki. Ran Juma'a Malam Gwadabe, dillalin shanu, uban matarka Barakatu, zai biyo da bijimi a hanyar kara, kasuwar shanu. Zai ce, "Yaro, wannan turken naku na banza ne?" Sunkuyar da kai ka ce, "Ai naka ne, Baba." Inji ana sayo wani, suruki kuwa ɗaya ne.

3. Bar shi ya ɗaure bijimi da igiya a sandar, bijimi ya lashi gishirin. In ya gama zai fizge sandar, ya nufi kogi da ita. Kada ka bi shi. A ranar injiniya ke zuwa duba daga Kano.

4. Nemi madadi. Ari muciyar Barakatu, shafe ta da jar ƙasa, kafa ta a ramin, ɗaura wayar. Daga nesa ba ta da aibu.

5. Tsare injiniya da gaisuwa. Tambayi gajiya, iyali, hanya, damina, ka sake komowa kan gajiya. In ya ce, "Sandar lafiya?" ka ce, "Ranka ya daɗe, ko ɗazu aka gwada ƙarfinta." Ba ƙarya ka yi ba.

6. Kada ka manta da kujera. Nan Isyaku ya yi sakaci: injiniya ya gaji da tsayuwa, ya dafa inji. Wuta ta ja shi, ya zube bisa gwiwa daidai lokacin da Malam Gwadabe ya dawo cigiyar igiyarsa. Malam ya dube shi ya ce, "Tashi, tashi. Ka ga mai tarbiyya."

Gargaɗi: mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin kora, ƙuna ko tuwon da ya rasa muciya ba. Mai ƙorafi ya nemi Isyaku a kara duk Juma'a. Suruki ya ba shi aiki: shi ne turken yanzu.