Sallar da na yi ni kaɗai a Affala

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar sallar da na yi ni kaɗai ba, a shekarata ta farko ta koyarwa. Ƙasa ba ta daɗe da samun 'yanci ba aka turo ni ƙauyen Affala daga birnin Tawa, ina saurayi, kaina cike da ilimi har yana yi mini nauyi. Dukiyata ita ce kalandar da na samo a birni, bugun Faransa, na kafe ta a bangon aji.

Lokacin mutane ba su yarda da lakwal ba, wato makarantar boko, cewa suke tana raba yaro da salla. Da ƙyar na shawo kan Maigari ya yi alkawarin ba ni 'ya'yansa bayan azumi, kuma kowa ya san in ya bayar sauran gari za su bi. Maimakon in kama bakina, kullum da la'asar sai in je zaurensa in buɗe wa dattawa lacca. Na gaya musu yadda wani Paparoma ya tarar lissafi ya karkace ya share kwana goma cur, da yadda ake ƙara wa Fabrairu kwana, har na rantse kalandar nan sai ta yi shekara dubu uku kafin ta yi kuskuren kwana ɗaya. (Gaskiya ne fa, sai dai ba wanda ya tambaye ni.)

To, ita kalandar ta sa jan tawada a kan Asabar, wai ranar salla. Da aka fita duban wata ban ko leƙa ba. Me zan nema a sama alhali yana rataye a bangona? Ɗakina kuma yana bayan gari, jikin makaranta, ba mai ba ni labari.

Asabar da safe na ɗumama tuwo na ci na ƙoshi, na kora da shayi, na zura sabuwar rigar da na ɗinko wurin wani telan Maraɗi, na jefa goro a baki. Na ji gari shiru, na ce lallai na makara. Da sauri na isa filin idi, na tarar da jakai biyu suna kiwo. Mai hankali a nan zai koma gida. Ni kuwa na zarce zauren Maigari, baki ja wur, ina baza turare, na durƙusa na ce barkanmu da salla.

Dattawa suna kishingiɗe, leɓe a bushe. Suka dubi rigata, suka dubi bakina. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Maigari ya tashi zaune a hankali, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, mu dai ba mu ga wata ba jiya. Ba kai kac ce takardar ga kwana guda taka kuskure cikin shekara dubu uku ba? Ashe yau ta ranar, kuma bisa kanka ta hwaɗi."

Masu azumi suka yi dariya har da tari. Ni ko na rasa inda zan tofar da goron, sai na haɗiye shi, wato na sake karya azumin a gabansu.

Aka kawo maganar kaffara, wata biyu a jere. Liman ya ce in da gangan ne sai na yi, in kuwa jahilci ne ramuwar kwana ɗaya ta isa, ya tambaye ni wanne ne. A gaban duk waɗanda na yi wa lacca, ni malamin lakwal, na amsa da bakina cewa jahilci ne.

Na sadaƙar yara sun tafi ke nan. Amma bayan salla sai ga Maigari da kansa ya koro su har ƙofar aji. Ya ce wanda ya iya amsa jahilcinsa a bainar jama'a zai iya riƙe yara, sannan ya nuna bango da sanda: "Koya musu karatu, Mushe, amma wata ka bar muna shi."

Har yau ina da kalanda a ɗaki, kuma ina girmama ta. Rana ce ta ɗauke ta aiki, wata bai san da zamanta ba. Shi ya sa ko ta yi ja kamar gauta, ba na sa goro a baki sai na ga maƙwabcina yana tauna nasa.