Ranar da Na Dasa Fure a Ƙoren Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da Babbar Sallar da na yi ta farko a matsayin mai gida. Lokacin Jihar Arewa maso Gabas ne, an turo ni Jimeta aikin watsa labarai, ni Bazazzage, kuma na auri Asta, 'yar cikin garin Yola. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Dada, ba ta so auren ba. Tun da aka kawo amarya ba ta taka gidanmu da ke Gwadabawa ba. A wannan Sallar ce ta yarda za ta zo ta ga inda "Kaɗo", kamar yadda su Fulani ke kiran Bahaushe, ya ajiye mata 'ya, kuma na san abin da ta gani ranar, shi za ta riƙe.

Asta ta gama girki ta tafi Yola ɗauko ta. Ni kuwa na tsaya ina kallon teburinmu. Na sha ganin yadda ake ƙawata tebur a liyafar gwamnati a Maiduguri, da tasoshin gilashi da furen roba, na kuma raina abin. Mun sami 'yancin kai, me zai sa mu ci gaba da aron ado? Na ce nawa teburin da kayan ƙasa zan yi shi.

A ɗakin Asta akwai ƙore masu zane, a jere, an rufe su da fayafayai. Na sauko da su. Na cika su da yashin bakin Binuwai, na zuba ruwa don kada fure ya yi yaushi (kun ga ai na yi tunani), na sossoke jajayen furannin da na tsinko a shingen ofis. Babbar, wadda ta fi tsufa, na ba ta tsakiyar tebur. Fayafayan kuma na ɗora kwanukan miya a kansu.

Da suka yi sallama, na fito da babbar riga ina murmushi. Asta ce ta fara shigowa. Ta dafe ƙirji.

"Malam, me ka yi?"

"Ado," na ce.

Dada ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta dube ni ba, don surukuwa ba ta duban suruki. Babbar ƙwaryar ta duba, ruwan laka na tsattsafowa ta gindinta. Sannan ta yi wa 'yarta magana da Hausa, ba da Fulatanci ba, don kada kalma ɗaya ta wuce ni.

"Wannan ƙwarya na kakanki ne. Tun da aka fafe shi, nono kawai ya sani. Tambayi mijinki, gero zai shuka ko gyaɗa?"

A nan ya kamata in yi shiru. Sai na gyara murya na fara bayani a kan kishin al'adun gargajiya, da irin muryar da nake karanta sanarwa. Ina cikin jimla ta biyu Dada ta wuce ni, ta juye yashin a kan tebur, ƙwarya bayan ƙwarya, ba gaggawa. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Can ta ci namanta, ta ba ni baya. Da za ta tafi, ta tafi da ƙorenta duka, don ashe ita ta jera wa Asta su.

Amma ta bar mini 'yarta. Bayan kwana biyu ma ta aiko da wata fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke, da saƙo: a ba maigida ya yi wasan ƙasarsa. Asta ta ce a wurin Dada wannan sulhu ne, in karɓa da hannu biyu. Na karɓa.

Na koyi cewa abin da mace ta jera a ɗakinta, ko ya yi kama da kayan ado, tambaya ake yi kafin a taɓa. Sai dai ko a gaban alƙali zan maimaita: teburin nan ya yi kyau.