Ruwan Batir a Miyar Baƙi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na fizge kwanon miya daga gaban matar da nake fatan ta zama surukata.

Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, bincikena kuma a kan tace gurɓataccen ruwa da totuwar masara ne. Ana ƙona totuwar ta zama gawayi, a daka, a bi da ruwan ta ciki, sai garin ya riƙe dalma da sauran ƙarafa masu guba. Da yajin aiki ya sa aka rufe ɗakin gwaji, zumuɗi bai bar ni na jira ba. Na kwaso totuwa daga ƙauyen Inkil, na roƙo ruwan wankin batir wurin masu gyara a unguwarmu, Ƙofar Dumi. Na huda gindin tsohuwar roba, na cika ta da garin, na ɗora a kan kwano a bayan madafa, na zuba ruwan batir ɗin a ciki. Ruwa yana ɗiga, garau da shi. (Ko kaɗan ban tuna cewa haka Inna, kakata, take tace ruwan tokar miya tun kafin a haifi Baba ba.)

Ranar kuwa hankalina ba ya kan dalma. Mahaifiyar saurayina Mubarak ce za ta zo daga GRA da ƙanwarta su gan ni. Mubarak ɗin da na riga na raɗa wa 'ya'yanmu suna a zuci! Na karanta littattafan soyayya har na haddace yadda ake yi: yarinya ta shigo kai a sunkuye, ta gaisar da murya ƙasa-ƙasa, Hajiya ta ce masha Allah, babi na gaba sai lefe. Har gwajin sunkuyar da kan na yi a madubi.

Komai ya tafi daidai. Na gaishe su, Hajiya ta kira ni 'yata, aka kai musu tuwo da miyar kuɓewa. Na zagaya bayan madafa don in yi murmushina ni kaɗai, sai na ga kwanona wayam.

"Inna, ina ruwan da ke cikin kwanon nan?"

"Yana cikin miya mana. Amma tokar taki ba ta da ƙarfi, ja'ira, sai da na juye duka."

Ban san lokacin da na yar da mayafi ba. Na faɗa ɗakin baƙi da takalmi ƙafa ɗaya, na tarar Hajiya ta tsoma loma, ta yi bisimilla.

"Kar ki ci! Ruwan batir ne!"

Na fizge kwanon. Kuɓewa da yauƙi, ta bi hannuna ta sauka a kan farin leshinta.

"Ruwan me?" in ji ƙanwarta, tana dafe da ƙirji.

"Na tace shi fa, Anti. Gwadawa ce dai ban yi ba tukuna."

Inna ta leƙo. "Yo ni na ɗanɗana, gishiri ne kawai bai ji ba."

Haka Baba ya ɗauki Inna sai asibiti, tana ta faɗan ita lafiyarta ƙalau. Baƙi suka fita suna salati, ko ruwan gidanmu ba su yarda sun wanke hannu da shi ba.

Inna dai Allah ya kiyaye. Mubarak kuwa ya kira washegari, muryarsa a sanyaye: "Hajiya ta ce a ɗan dakata." Har yau ana dakatawa, shi ko ɗansa har ya fara tafiya.

Da aka koma makaranta gwaji ya nuna totuwar tana aiki, malamina har da yabo. Na yi kuka a ɗakin gwajin, ya ɗauka na murna ne.

Yanzu ko ruwan sha na ajiye a gidanmu sai na gaya wa Inna mene ne. Littattafan kuma na daina yarda da su. Duk cikinsu babu wanda ya gargaɗe ni cewa kafin a gyara fuska, a fara leƙa madafa.