Ranar da Na Yabi Surukina a Gaban Likitocin Soja

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya ja wa surukina ƙarin shekara guda ta wahala. Tun kafin in yi nisa bari in faɗa, laifina ne. Ba na likita ba ne, ba na gwamnati ba ne. Ni na shiga inda ba a kira ni ba, na kuma saki baki a inda ya kamata in kama shi.

A lokacin ina aiki a sashen rini na wata masaƙa a Bompai, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin basasa. Karatuna bai wuce aji bakwai na firamare ba, amma da yake ni nake karanta wa abokan aiki sanarwar da ake liƙawa a ƙofar ofis, sai na ɗauki kaina wani babban ɗan boko. Ga shi kuma na sayi babur na hannu. (Aji bakwai da babur, in suka haɗu a kan mutum ɗaya a wancan zamanin, sai dai a taya shi da addu'a.)

Mahaifin matata Asabe tsohon soja ne, kowa Baba Saje yake ce masa. Ya dawo daga yaƙi da ɓaraguzan bam a ƙugu da cinya, aka sallame shi, ya samu gadin ƙofa a wani kamfanin robobi a Sharada. Kullum daga Hotoro yake shiga mota ya ratsa gari, ya yini a tsaye yana buɗe wa manyan motoci ƙofa.

Yadda tsarin yake, likitocin soja ne suke zama su duba wanda ya ji rauni, su yanka masa kaso gwargwadon abin da raunin ya rage masa. A kan wannan kason ake biyansa kuɗin rauni. Shi Baba ɗingishi kawai aka rubuta masa, kaso ɗan kaɗan. Ya daɗe yana kai takarda a sake duba shi, don in an ƙara masa ya ajiye gadin ya zauna a gida. Likitocin kuwa sau ɗaya suke zama a shekara. Wanda zamansa ya lalace, sai baɗi.

Da takardar kira ta zo, Asabe ta same ni ina goge babur.

"Malam, ka kai Baba don kada ya makara. Amma in an kira shi, ka tsaya a waje."

"Saboda me?"

"Kai dai ka tsaya a waje."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, me mace ta sani game da ofis?

Akwai abubuwan da na daɗe ina gani a wajen Baba ban fahimta ba. Ba ya rabuwa da wata jakar zane, cikinta buta da wando a naɗe. Kowace salla sai ya sake alwala. An sha miƙa masa limanci a masallacin unguwa yana ƙi, kuma kullum a ƙarshen sahu yake tsayawa, kusa da ƙofa. Ni duk tsoron Allah na ɗauka, har ina ba abokaina labarin irin surukin da Allah ya ba ni.

Muka isa asibitin bariki da hantsi. Barandar cike take da tsofaffin sojoji a kan benci. Wani ba ƙafa, wani ba ido, wani kuma ko ƙofa aka buga sai ya zabura ya riƙe kai. Ba mai hira da ƙarfi, kowa ya ƙanƙame fayil ɗinsa yana kallon ƙofar da ake kira. Sai wani mai hannu ɗaya, Kofur Tanko, abokin Baba tun a fagen daga, ya matsa masa wuri.

"Saje, ka ji ni da kyau," in ji shi. "Yau ba ranar 'da sauƙi' ba ce. In sun tambaye ka, ranar da ta fi kowace muni za ka faɗa musu. Abin da ka ɓoye ba a biya."

Baba ya yi murmushi. Kofur ya juyo ya dube ni daga hula har takalmi.

"Wannan ɗan gayen fa?"

"Maigidan Asabe ne."

"A'a, suruki ne! To suruki, ga inuwar dalbejiya can, je ka tsare babur ɗinka kada ya gudu."

Mutanen benci suka yi dariya. Abin ya ɓata mini rai. Na ce a zuciyata, wannan so yake ya koya wa Baba bara. Mu ba mu zo nan don a raina mu ba.

Saboda haka da aka kira sunan Baba, sai na fizgi fayil ɗin na riga shi shiga. Ya tsaya a bakin ƙofa. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kallon tsakiyar idona ba sai ranar.

"Malam, da ka ɗan..."

"Ba komai, Baba. Turanci za su yi, gara ina kusa."

(Mutumin da ya yi shekaru a bariki fa. Turancinsa ya fi nawa ƙwari nesa ba kusa ba.) Amma ta yaya dattijo zai kori mijin 'yarsa a gaban jama'a? Ya sunkuyar da kai ya shigo.

Hafsoshi uku ne a bayan tebur, fanka tana juyawa a sama. Na tsakiya Manjo ne, mutumin kudu, shi yake tambaya. Na gefen dama wani Kyaftin ne siriri, kansa a ƙasa yana rubutu. Aka ba Baba kujera, ni na tsaya a bayansa kamar dogari.

Manjo ya tambaye shi yaya jikin. Baba ya ɗan waiwayo wajena, sannan ya ce da sauƙi.

Aka tambaye shi ko yana iya daɗewa a tsaye. Kafin ya buɗe baki na tare.

Ku fahimce ni, ba wanke kaina nake yi ba. A yadda aka rene mu, in manya suna tambaya a kan surukinka, yabonsa kake yi. Ba ka tsayawa a gaban baƙi ka ce tsohon matarka ya gaza. Sai na gyara tsayuwa na shiga zuba Turancina na aji bakwai. Na ce ranka ya daɗe, wannan bawan Allah daga safe har yamma a tsaye yake, ko kujera ba ya nema. Na ce watan jiya ɓarawo ya haura katangar kamfani, shi ya bi shi da gudu ya kama. (Ƙarya ce. Direbobi ne suka kama shi, Baba usur kawai ya busa.) Na ce buhun gero shi yake sauke abinsa daga mota. Na ce samari biyu ba sa kayar da shi.

Ina magana ina ganin alƙalamin Manjo yana gudu a kan takarda, ni kuma daɗi yana kama ni, wai ana rubuta maganata. Wuyan Baba kuwa ya jiƙe da gumi. Na ɗauka zafi ne.

Manjo ya buɗe fayil ya zaro takardar koken da Baba ya kai. Ya karanta a hankali, yana bin layin da yatsa. Ya ce, "Saje, a nan ka ce tun da ƙarfen nan ya shige ka a ƙugu ba ka iya riƙe fitsari. Ka ce da tsumma kake yini a wurin aiki. Haka ne?"

Ni kuwa ji na yi kamar an watsa mini ruwan rini mai zafi. Buta, wandon da ke cikin jaka, ƙarshen sahu, duk suka faɗo mini a lokaci guda.

Baba bai waiwayo ba. Ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, ya ce, "Ba haka ba ne, ranka ya daɗe. Mai rubuta takardar ne ya ƙara."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To shiga bayan labule ka cire wando mu duba."

"Ba sai an duba ba. Lafiyata ƙalau."

A nan Kyaftin ɗin nan ya ɗago kai karo na farko. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya sake dubana. Sai ya yi magana da Hausa tsantsa, ashe Bazazzagi ne.

"Kai, wane ne kai a wurinsa? Ɗansa?"

"A'a, ranka ya daɗe. 'Yarsa nake aure."

Ya ajiye alƙalami.

"'Yarsa kake aure, kuma ka tsaya a kansa ana tambayarsa abin da ke ƙarƙashin rigarsa? A wane gari aka haife ka? Babu manya a gidanku?"

Ya yi wa sojan da ke bakin ƙofa alama da hannu, shi kuma ya kama ni ta wuyan riga, ya buɗe ƙofa, ya tura ni baranda. Hulata ta faɗi ta gangara har gaban benci. Duk sun ji abin da Kyaftin ya faɗa, don bai rage murya ba. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Kofur Tanko ya sa hannunsa guda ɗin nan ya ɗauki hular, ya kaɗe ta a gwiwa, ya miƙo mini.

"Suruki, me ka gaya musu?"

"Na ce... na ce yana da ƙarfi."

"Innalillahi," in ji wani mai sanda a ƙarshen benci. "Ya yabe shi."

Na tsaya ina addu'a a raina, Allah ya sa tunda na fita Baba ya faɗi gaskiya. Daga baya na ji Kyaftin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya lallashe shi, ya ce yaron ya tafi, yanzu a yi magana. Amma dattijon da ya ce "na tabbata" a gaban manya uku ba zai lashe amansa a zama ɗaya ba. Manjo kuma ya ce ga shaidar ɗan'uwa, ga bakin mai koke, duka sun saɓa wa takardar. Aka bar kasonsa yadda yake.

Da ya fito, Kofur ya tare shi da ido. Baba ya ce, "Sai baɗi, in da rai."

Ya hau bayan babur ya zauna can ƙarshen kujera, ya riƙe ƙarfen baya maimakon kafaɗata. Haka muka tafi daga bariki har Hotoro. Da ya sauka ya gyara jakarsa ya ce, "Allah ya yi albarka," ya shige gida. Da mari ya yi mini da na fi samun barci.

Asabe ba ta yi mini faɗa ba. Kuka ta yi, ta ce, "Shekara nawa Inna tana wanke masa kaya tana shanyawa a cikin ɗaki don kada maƙwabta su gani. Abu ɗaya na roƙe ka, Malam."

Baba ya koma ƙofarsa a Sharada. Ya yi damina a can, ya yi rani. Ni kuma na zama gwanin kewaye. In aka aike ni Sharada karɓo kaya sai in bi ta bayan layi don kada in wuce ta gabansa. In Asabe za ta gida sai in ajiye ta a bakin titi in ce ina sauri. Da salla ta zo na je gaisuwa a cikin ayari, na ɓuya a bayan mutane. Na iya tsayawa gaban hafsoshi uku in yi ƙarya ba ko ƙifta ido, amma tsugunawa gaban tsoho ɗaya in faɗi gaskiya ta gagare ni.

Da shekara ta zagayo aka sake kiransa. Ba wanda ya nemi babur ɗina. Kofur Tanko ne ya raka shi a motar haya, aka duba shi yadda ya kamata, aka ƙara masa kason, ya miƙa usur da kakin gadi ya dawo gida. Abin da na koya, in ma na koyi wani abu, shi ne yabo ma yana da wurinsa. Ka kai shi gidan biki, kada ka kai shi asibiti.

Saura neman gafara, kuma a nan na maƙale. In na ambaci ciwon na sake tona shi. In ban ambata ba, gafarar me zan nema? Na sami Kofur a rumfar mai shayi na gaya masa damuwata. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Har yanzu ba ka yi hankali ba, suruki. Ciwonsa nasa ne, ba ruwanka da shi. Bakinka ne naka. Shi za ka kai masa."

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na tafi Hotoro. Na kashe babur tun daga nesa na tura shi da hannu. Baba yana zaune a zaure a kan buzu, shi kaɗai, yana jan carbi. Na cire takalma a waje, na cire hula, na tsuguna a gefen ƙofa inda ba sai ya dube ni ba. Muka gaisa, ya tambayi Asabe da yara. Na ji kamar in tashi in gudu. Sai na dafa ƙasa na ce:

"Baba, na yi ƙarya a kanku a gaban mutane. Na ce kun kama ɓarawo, ba ku kama ba. Na ce kuna ɗaukar buhu, ban taɓa gani ba. Kun so in fita, na gane, na ƙi fita don a ce na iya Turanci. Daminar nan da ranin nan da kuka ƙara a ƙofar kamfani, ni na tsayar da ku. Na kuma yi shekara ina gudunku saboda tsoro. Ba ni da abin da zan biya ku da shi. Don girman Allah, Baba, ku yafe mini."